Amsa: Yadda girgizar ƙasar 2011 ta taɓa Tokyo

Malam, ka tambayi abu biyu: me ya sa girgizar da ta tashi a teku can arewa ta jijjiga Tokyo haka, kuma ko ta rage wa birnin haɗarin nan gaba. Bari in fara da maganar nisa, domin a nan ake yawan ruɗewa.

Girgizar ranar 11 ga Maris, 2011, mai ƙarfin maki 9.0, ta fara ne da ƙarfe 2:46 na rana, kimanin kilomita 130 gabas da birnin Sendai na arewa maso gabashin Japan, wajen kilomita 370 daga Tokyo. Sai dai wannan ɗigon da ake nunawa a taswira mafarin tsagewar ne kawai. Tsagar ta yi tsawon kusan kilomita 500, faɗinta 200, ta gangaro kudu har gaɓar lardin Ibaraki, wanda ba shi da nisa da Tokyo. Kafin a cika rabin awa kuma wata mai ƙarfin sama da maki 7.5 ta biyo baya a can gaɓar Ibarakin.

Abin da ya fi nisa muhimmanci shi ne irin ƙasar da birnin yake kai. Filin Kanto, inda Tokyo take, wani ƙaton kwari ne da laka da yashi suka cike, kaurinsu ya kai kilomita biyu zuwa uku a wurare da dama kafin a tarar da dutse. Babbar girgiza tana fitar da motsi iri biyu: mai karkarwa da sauri, wanda ke mutuwa a hanya, da mai lilo a hankali, wanda zuwa da dawowarsa ke ɗaukar daƙiƙa biyu ko fiye, shi kuma yana cin dogon zango. Idan ya shiga kwarin sai ya yi ta kai da komo kamar koko a kwano. Ƙaramin gida bai cika damuwa da shi ba. Dogon bene kuwa, idan lilonsa ya yi daidai da na ƙasa, kowane zuwa ƙara masa yake yi. Shi ya sa benayen unguwar Shinjuku ta Tokyo suka daɗe suna rangaji bayan ƙasa ta lafa, har tsinin Hasumiyar Tokyo ya lanƙwashe. Kai, har a Osaka, kilomita sama da 700 daga mafarin, wani bene mai hawa 55 ya yi kusan minti goma yana lilo. Ɓarnar irin wannan a ciki take: igiyoyin lifta su sarƙe, silin ya rufto, kabad da tebura su yi ta yawo.

A bakin teku matsalar daban ce. Galibin garin Urayasu, da ke dab da Tokyo, cike teku aka yi da yashi aka gina shi. Yashi mai jiƙe da ruwa idan aka daɗe ana kaɗa shi sai ya saki, ya koma caɓi. Gidaje suka karkace ba tare da sun rushe ba, bututun ruwa da na bahaya suka tsinke.

Sauran wahalar ta hanyar sufuri da lantarki ta zo. Jiragen ƙasa suka tsaya, gwamnati ta ƙiyasta mutum miliyan 5.15 ne suka kasa komawa gida a ranar. Daga nan aka samo dokar Tokyo ta 2013 da ke neman kamfanoni su tanadi abinci da ruwan kwana uku, lita uku ga kowane mutum a rana, ma'aikata su zauna a ofis maimakon su cika tituna su tare motocin kashe gobara. Tashar nukiliya ta Fukushima Daiichi kuma, wadda a da take bai wa Tokyo wuta, ta daina aiki sakamakon bala'in. Yammacin Japan na da rara, amma wutarsu tana juyawa sau 60 a daƙiƙa, ta gabas sau 50, na'urorin da ke sauya ta kuwa megawat dubu ɗaya da ɗoriya kawai suke iya ɗauka a lokacin. Dole aka shiga raba wuta bi da bi daga 14 ga Maris.

Tambayarka ta biyu, amsar a'a ce. Ɓawon duniya manyan falale ne na dutse masu motsi, abin da ya goce a 2011 kuwa mahaɗar falalen Pasifik ce a ramin tekun gabas. Tokyo tana da nata a ƙarƙashi, inda falale uku suke danne juna, ga kuma ramin Sagami a kudu, wanda ya haifar da girgizar 1 ga Satumba, 1923, da ta kashe kimanin mutum 105,000, akasari a gobara. Waɗannan ba su sauke nauyinsu ba. Ƙananan girgiza ma ƙaruwa suka yi a ƙarƙashin Kanto bayan 2011, sannan suka riƙa raguwa sannu a hankali.

Kashi 70 cikin 100 ɗin nan da ake yawan ambata, wato yiwuwar girgiza mai kusan maki 7 a kudancin Kanto cikin shekara 30, kada a jingina shi ga 2011. Tun 2004 kwamitin gwamnati ya fitar da shi, daga lissafin yawan irin waɗannan girgizar a tarihin yankin, kuma bai faɗi rana ko unguwa ba.