Tseren motar rimot a bayan gari: wace mota mai farawa zai saya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni da abokaina a wani ƙauye kusa da Ringim muke son fara tseren ƙananan motocin rimot a filin bayan gari. Wace iri ta dace da mu, kuma me ya fi kashe su?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada gudu ya ruɗe ku wajen saye. A wajenmu ƙura da zafi da rashin safaya ne ke ajiye mota, don haka ku nemi wadda ake samun kayanta ɗai-ɗai, kuma ku sayi iri ɗaya dukanku don ku riƙa aron kaya a tsakaninku. Ta kantin kayan wasan yara in giyarta ta cinye, sai bola. Girman 1/10, wato kashi ɗaya cikin goma na girman motar gaske, shi ne daidai, irin su Traxxas Slash. In aljihu bai kai ba, WLtoys 144001 mai girman 1/14 ta isa koyo, sai dai ƙasa-ƙasa take, tana son fako. Mai batir za ku saya. Mai injin naitiro ba fetur take sha ba, man musamman ne da aka haɗa da metanol, kuma samunsa a nan jidali ne.

Tun ranar saye ku haɗo da hannun taya na gaba, da ƙaramar giyar inji, da babbar giyar roba, da boris saiti guda. Su ne ke fara tafiya.

Batir ne wurin da ba a wasa. LiPo, wato irin batirin da ake sa wa waɗannan motoci, mai sel biyu (2S) volt 7.4 ne. Kowane sel yana cika a 4.2, kuma kada a bari ya sauka ƙasa da 3.2, da mota ta fara rage gudu a tsaya. In za a yi kwanaki ba a taɓa shi ba, a ajiye shi a 3.8. Caja mai daidaita sel-sel kawai ake sa masa, kuma batir mai 5000mAh kada cajinsa ya wuce amp 5. Caja irin iMAX B6 tana aiki da batirin motar hawa ko na sola mai volt 12, ke nan rashin wutar NEPA ba zai hana ku ba. A yi caji a inuwa, kan siminti ko cikin tukunyar ƙasa, nesa da danni da karan dawa, wani yana wurin. Wanda ya kumbura ya gama aiki. In an matsa masa, wuta yake kamawa.

Yashin Jigawa kuwa, in ya samu maiƙo sai ya zama kamar dutsen wasa wuƙa. Shi ya sa ba a shafa giris ko baƙin mai a giyar da ke waje. Bayan kowane wasa a kakkaɓe da buroshin fenti, a juya tayoyi da hannu. In ka ji ƙaras-ƙaras, yashi ya shiga boris. Wajen saita ƙaramar giya da babbar giya, cusa siririyar takarda tsakaninsu, matse, ɗaure noti, sannan ka zare takardar. Sun matse da yawa, inji ya yi zafi. Sun yi sako-sako, haƙora su cinye.

Da bazara ku fita da hantsi ko bayan la'asar. Kowane minti biyar a taɓa injin: in yatsa bai jure daƙiƙa uku ba, a huta, a kuma sa ƙaramar giya mai ƙarancin haƙora.

Fako mai tauri ya fi rairayi. Gonar da aka girbe kuwa, kututturen kara ke karya hannun taya. Ku share fili, ku shata hanya da tsohon tiyo ko tayoyin babur, faɗinta kamar mita 3. Rimot ake fara kunnawa kafin mota, mota ake fara kashewa kafin rimot. A makon farko a rage totur zuwa rabi, a riƙa sakinsa kafin kwana, ba a tsakiyarta ba, har mutum ya iya zagaye goma a jere bai kifar da mota ba, sannan a fara jera motoci.