Zan je shan shayin Turawa a Siri Lanka, in ajiye maganin suga?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Shekara shida kenan ina fama da ciwon suga, ina shan metformin safe da dare da glibenclamide ɗaya da safe. Wata mai zuwa zan raka maigida Siri Lanka, kuma abokin kasuwancinsa ya ce zai kai mu garin Nuwara Eliya shan shayin la'asar irin na Ingila. Ina so in ci amma tsoro nake ji. Wata mai sayar da magani a unguwarmu ta ce kirfar can tana wanke suga tas, wai in ajiye ƙwayoyin har in dawo. Ya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara lafiya. Ki je ki sha shayinki hankali kwance, amma ƙwayar nan kar ki ajiye ta ko na kwana ɗaya.

Garin a kan dutse yake, kusan mita 1,900, ki tafi da rigar sanyi don ba zafin Kolombo, birni mafi girma a ƙasar, za ki tarar ba. Wajen uku da rabi zuwa huɗu ake kawo shayin da faranti mai hawa uku, ƙasa ƙananan sanwici na kokwamba da ƙwai da kifi, tsakiya wani ɗan burodi mai nauyi da suke ce wa sikon ana shafa masa jam da kirim, sama kuma kek kala-kala. Shayin kansa in ba ki zuba sikari ba bai da matsala, farantin ne abin lura. Ki fara da sanwici, sikon ɗaya ya isa, jam ɗin shafa kawai ba lafta ba, kek ki zaɓi ɗaya ku raba da Alhaji, in an tashi ku ɗan taka a bakin tafkin Gregory, bayan awa biyu ki gwada sugarki. Kuma kar ki ce za ki ƙi cin abincin rana don ki bar wa kek wuri, mai shan glibenclamide in ya zauna da yunwa sugarsa na iya faɗuwa, sai gumi da karkarwa. Ki tambayi ma'aikacin wanne ne ke da naman alade ko giya, akwai Musulmi da yawa a ƙasar, tambayar ba baƙuwa ba ce a wajensu.

To yanzu maganar kirfa, wallahi na gaji da ita. Kusan kullum sai an kawo min wanda ya ajiye magani saboda kirfa ko zogale ko wani shayi da aka tallata masa a WhatsApp, sati biyu na farko yana ta murna wai ya ji sauƙi, alhali ciwon suga a ɓoye yake ɓarna, sai ƙishirwa ta dawo, fitsarin dare ya dawo, ido ya fara hazo, wani ma a sume ake kawo shi, mai maganin kuwa ta karɓi kuɗinta ta yi gaba, in an koma mata ta ce ai ba ka sha yadda aka ce ba. Eh, kirfar Siri Lanka ita ce ta asali, ta fi wadda aka fi samu a kasuwa laushi da ƙamshi, waccan mai kauri da tauri ma tana ɗauke da sinadarin kumarin wanda in ya yi yawa yana taɓa hanta. Ki sayo ta, ki sa a shayi da kunu. Amma ba ta yin aikin metformin. Da tana warkar da suga ai da babu mai ciwon a Siri Lanka, ga shi kuwa suna fama da shi sosai, su da suke noma ta a gonakinsu. Ki tambayi mai maganin wannan, ki ga ko za ta iya kallon idonki.

Wata dabarar kuma can za ki gamu da ita, za a miƙo miki irin mazarƙwailarsu ta itacen kitul a ce wannan ta halitta ce ba ta ɗaga suga. Tana ɗagawa. Zuma ma haka, dabino ma haka, jinin mutum ba ruwansa da sunan abin. Shayin madara na bakin titi kuwa da sikarinsa ake haɗo shi, sai kin ce kar a sa.

Agogonsu ya riga na Najeriya da awa huɗu da rabi, don haka kafin tafiya ki zauna da likitan da ke duba ki ya tsara miki lokutan shan magani. Ƙwayoyin da na'urar gwaji a jakar hannu za ki sa, ba a akwatin da za a jefa ƙarƙashin jirgi ba, ki ƙara na sati ɗaya a kai ko tafiyar za ta ja, ki riƙe takardar asibiti, da 'yar alewa a jaka saboda faɗuwar suga.