Kwalbar nan ja mai kumfa, lemo ce ko giya?

Tambaya: Salam Yaya, ni mai girkin biki ce a Aboabo, Kumasi. Wani kwastoma ya kawo min katan biyu na kwalabe wai in jera a teburin amarya, abin ja ne yana kumfa kamar sobolo da aka sa ma gas, an rubuta Lambrusco a jiki. Yace ruwan inabi ne kawai, kuma yarana na aiki sun ɗanɗana sunce zaƙi gareshi. Dan Allah menene gaskiyar abin?

Amsa: Wa alaikumussalam Hajiya. Giya ce, kar ki jera. Na daɗe ina riƙe sitoo na abin sha a otal anan Ankara (Accra), kuma wlh ba ke kaɗai kwalbar nan ta taɓa ruɗawa ba.

Lambrusco sunan inabi ne da ake nomawa a arewacin Italiya, wajajen Modena da Reggio Emilia, shine giyar taci sunansa. Jan da kike gani daga ɓawon inabin yake, ana barinsa ya jiƙu cikin ruwan har ya rina shi. Kumfar kuma kin san yadda ƙullin masa ke tashi in kin sa yis kin rufe ya kwana? To aikin ɗaya ne, yis na cin sukarin inabin yana fitar da barasa da gas, a giyar da bata kumfa gas ɗin barinsa ake ya fice, amma ita wannan sai a sake tsima ta cikin ƙaton tankin ƙarfe a toshe ruf yadda iskar bata da hanyar fita sai dai ta narke cikin ruwan, a haka ake ɗurawa. Shampen ta Faransa a cikin kwalbar kanta ake mata wannan tsimi na biyu.

Zaƙin shine tarkon. Kafin yis ya cinye sukarin duka sai su sanyaya su tace, zaƙi ya rage ya rufe ɗacin barasa. In kinga an rubuta dolce ko amabile a jikin kwalba mai zaƙi ce, barasarta wajen kashi 8 cikin 100, secco marar zaƙi takan kai 11. Biya da ake saidawa a gari wajen 5 take, kinga abin da yaranki ke ce ma lemo yafi biya ƙarfi kenan.

Tana da 'yan'uwa. Akwai Brachetto d'Acqui daga yankin Piemonte na Italiya, mai ƙamshin sitiroberi, wannan ma tafi yaudara dan barasarta 5 zuwa 7 ce. Akwai jar Shiraz mai kumfa ta Ostareliya da suke sha da sanyi lokacin Kirsimeti, ita har 13 ko 14.

Kar ki duba kwalliyar kwalba, lemon inabi mai gas da muke buɗewa a biki shima toto ne (abin toshe bakin kwalba) da waya da takardar gwal a wuya. Juya kwalbar ki nemi lamba kusa da % vol, yawanci ƙanana suke rubutawa. Lemo na gaskiya 0.0 ne. Wadda aka yi giya sannan aka cire mata barasa takan rage har 0.5, hukuncin wannan sai ki tambayi malaminku, ni nawa sitoo ne.

In za ki mayar masa da katan ɗin kar ki barsu cikin but ɗin mota a rana, zafi na ƙara ma gas ƙarfi, na taɓa ganin toto ya tashi ya fasa ƙwan fitila.