Amsa ga wanda ake bin sa bashin da bai ci ba

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce wani mutum yana ta kiranka yana cewa shi lauyan wani kamfanin ba da rance ta waya ne, wai ana binka naira 38,000 da ba ka san lokacin da ka ci ba, kuma idan ba ka tura kuɗin kafin la'asar ba zai turo 'yan sanda, ya kuma watsa hotonka ga jama'a. Kana tambaya ko ka biya kawai ka huta. Don girman Allah kada ka tura masa ko sisi, sai ya kawo maka hujja a rubuce. Ka nemi cikakken sunan kamfanin, da ranar da aka karɓi rancen, da adadinsa, da lambar asusun da aka zuba kuɗin a ciki. Wanda yake bin bashi na gaskiya yana da waɗannan a gabansa, ɗan damfara kuwa da zarar ka tambaye shi sai ya koma zagi. Ko a shari'ar Musulunci, hujja tana kan mai da'awa ne.

Abin da ya same ka ya same ni, shi ya sa na kasa wuce tambayarka. An zare mini waya a cikin keke tsakanin Kwangila da Sabon Gari a Zariya, kuma kafin a rufe layin ɓarawon ya riga ya danna *565*0#, ya samu lambar BVN ɗina, ya sauke wata manhajar rance a wayar, ya karɓi kuɗi da sunana. Manhajar ta kwashe duk lambobin da ke cikin wayar tare da hotuna. Ban san komai ba sai da surukina, dattijon da ko ido ba na iya haɗawa da shi, ya aiko a kira ni bayan sallar magariba, ya miƙo mini wayarsa bai ce uffan ba. Hotona ne na ranar sunan 'yata, ina sanye da babbar riga, an rubuta a ƙasa da Turanci cewa ni ɓarawo ne, na gudu da kuɗin kamfani, duk wanda ya gan ni ya sanar. Wannan saƙon ya je wa shugaban makarantarmu, ya je wa iyayen yaran da nake koyarwa, ya je wa ƙanwar mahaifiyata a ƙauye wadda sai da aka fassara mata, ta kwana tana kuka. Wata mata ce a kamfanin take kirana, har yau ina jin muryarta. Na yi mata bayani cikin ladabi cewa wayata aka sace, ina da takardar 'yan sanda, sai ta yi dariya ta ce duk ɓarayi haka suke faɗi, kuma gobe za ta aika wa mutanena sanarwar mutuwata. Ban san ta ba, ban taɓa cin mata kwabo ba, amma ta tsaya ta zaɓi hoton da ya fi kowanne daraja a wurina. Na bar ta da Allah, ban kuma yafe ba.

Don haka kada ka jira su riga ka. Yau ɗin nan ka rubuta wa danginka da abokan aikinka gajeren saƙo cewa wasu suna amfani da sunanka, idan sun ga wani abu su yi watsi da shi. Jarinsu gaba ɗaya kunyarka ce, idan mutanenka sun ji daga bakinka, barazanar ta mutu.

Maganar 'yan sanda kuwa burga ce. Sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana a kama mutum saboda kawai rikicin bashi ko saɓa yarjejeniya, domin wannan hurumin kotu ne, kuma sammacin kotu ma'aikacin kotu ne yake kawo shi a takarda, ba lauya ne yake turo shi ta WhatsApp da wa'adin la'asar ba. Sannan ka kula, idan ya ce ka karanto masa lambar BVN ko lambar da aka turo maka ta tes domin wai ya duba ko kai ne, ka kashe wayar. Da wannan lambar zai ci maka bashi na gaske.

Ka je bankinka a unguwar PZ ka karɓi takardar bayanan asusunka ta watannin da yake magana a kai, domin idan kuɗin bai taɓa shiga wurinka ba, wannan takardar ce babbar shaidarka. Daga nan ka binciki ko akwai bashin a rubuce da sunanka. Akwai kamfanoni uku da Babban Bankin Najeriya ya ba lasisin ajiye tarihin basussuka, wato CRC da FirstCentral da CreditRegistry, kuma dokar bayanan basussuka ta 2017 ta ba kowa damar karɓar rahotonsa kyauta sau ɗaya a shekara. Idan babu komai a ciki, akwai alamar mai kiran naka ɗan damfara ne zalla. Idan kuwa ka tarar da bashin, kamar yadda na tarar da nawa, to sai ka rubuta takardar musantawa ga kamfanin da kuma wurin da aka ajiye tarihin, ka haɗa da rahoton 'yan sanda da takardar rantsuwa daga kotu. Kada ka yi sakaci da wannan, don baƙin tarihi yana iya hana ka rance na halal ranar da kake cikin buƙata. Duk saƙon da suka turo ka ɗauki hotonsa ka ajiye kafin ka toshe lambar, ka kuma roƙi duk wanda aka tura wa ya turo maka nasa.

Da waɗannan hotunan za ka kai ƙara hukumar kare haƙƙin masu sayayya, FCCPC, wadda a watan Maris na 2022 ta kai samame ofisoshin wasu kamfanonin rance a Legas saboda irin wannan tozarcin, daga baya kuma ta wajabta musu yin rajista. Tana wallafa sunayen waɗanda ta amince da su a shafinta, sai ka duba ko kamfanin da ake kira maka yana ciki. Watsa hoton mutum da kwashe lambobin wayarsa kuma ya shafi hukumar NDPC da aka kafa da dokar kare bayanan jama'a ta 2023. Ba na yi maka alkawarin za su amsa da wuri, aikin hukuma sai haƙuri, amma ni dai bayan na tura wa kamfanin kwafin ƙarar da na shigar, matar nan ba ta sake kirana ba. Idan rubuta takardun ya yi maka nauyi, ka leƙa Tsangayar Shari'a ta ABU a Kongo, akwai sashen da ɗalibai ke ba da shawara kyauta a ƙarƙashin malamansu.

Ina kuma roƙon 'yan uwa a nan, ku daina saka lambar mutane a matsayin masu tsaya muku ba tare da saninsu ba. Wanda bai amince ba, bai sa hannu ba, ba a binsa komai, amma shi za a hana barci, kuma na ga zumuncin gida guda ya lalace a Tudun Wada a kan haka. Wanda kuwa ya san ya ci bashin, ya biya abin da ya ci, bashi ba abin wasa ba ne duniya da lahira, sai dai ya biya cikin asusun kamfanin, ya karɓi shaidar cewa an sallame shi.

Kafin komai, Malam, ka saka lambar asusun da ya ba ka a manhajar bankinka kamar za ka tura kuɗi, ka tsaya daidai inda suna zai fito, kada ka ƙarasa. Ka dawo ka gaya mana ko sunan kamfani ne ya fito ko na wani mutum. Allah Ya fitar da kai.