Sabobi biyu, lamba ɗaya

Ka ce sabobi biyun da ka ɗaura a ofishin nan na Yelwa, wato manyan kwamfutocin da sauran ke jonewa da su, manhajar da ke lissafa injina tana nuna maka guda ɗaya, yau sunan wannan gobe sunan wancan, wai ko ka goge ka sake instolin. Kar ka goge komai. Ku yaran yanzu abu kaɗan sai fomat, kamar ba a taɓa nuna muku wata hanya ba.

Galibi matsalar a cikin bayos take, wato 'yar manhajar da ke tayar da inji, wadda ke zaune a cip a kan bod, babban allon injin, ba a kan hadis, faifan ajiyar bayanai, ba; in haka ne ko sau nawa ka sake instolin nan za ka tarar da ita. Akwai teburin da ake cewa SMBIOS, nan bod ke ajiye siriyal namba da UUID, wato doguwar lambar shaidar injin, yawancin manhajojin da ke son sanin wane inji ne wannan nan suke leƙawa. Buga umarnin Linux ɗin nan dmidecode -s system-uuid a kan kowanne, ka buga na system-serial-number, ka ajiye su gefe da gefe. Yadda ake shiga a buga kam ba zan koya maka ba, in ba ka iya wannan ba me kake yi a shagona. In ka ga To Be Filled By O.E.M. ko Default string, ko UUID ɗin nan 03000200-0400-0500-0006-000700080009, to kamfanin da ya haɗa injin ne bai cike gurbin ba tun farko, injina bila adadin suna yawo da wannan lambar. Wannan mai sauƙi ne. Wanda yake tayar min da hankali shi ne ka ga lamba mai kyau, cikakkiya, amma iri ɗaya a inji biyu, don wannan hannun mutum ne.

Wallahi tambayar nan taka ta tuna min wani Alhaji mai cibiyar jarrabawar kwamfuta a nan Bauchi, har yau in na wuce ta layinsa raina ɓaci yake. Sabobi biyu gare shi 'yan kwatano, ya sayo daga Ikeja, ɗaya na aiki ɗaya na ko-ta-kwana, ya kira ni in ja waya in haɗa masa netwok na ɗakin gabaki ɗaya. Ashe kafin ya kira ni wuta ta taɓa dawowa da ƙarfi ta kashe bayos na guda, maimakon ya kawo wa masu sana'ar sai ya kai wa wani yaro mai gyaran waya a Wunti, shi kuma ya ɗauko ɗan furogirama ɗin nan CH341A ya kwafe cip na mai lafiyar kaf ya juye a na matacciyar. Inji ya tashi, kowa ya yi murna. Amma ya tashi da siriyal ɗin ɗan'uwansa, da UUID ɗinsa, kuma a irin wannan bod ɗin har MAC, wato lambar adireshin katin netwok, a cikin cip ɗin yake zaune. Alhaji bai ce min uffan ba.

Muddin guda ce a kunne lafiya lau. Ranar gwaji aka kunna duka biyun, yara sun cika ɗaki, sai kwamfutoci suka fara yankewa, wannan layin ya dawo wancan ya ɗauke, don suwic, akwatin da wayoyin netwok ke haɗuwa a cikinsa, yana ganin MAC ɗaya ta ƙofa biyu, ya aika saƙo nan, can anjima ya aika can. Alhaji ya tsaya a gaban ma'aikatansa yana cewa wayata ce jabu, wai na saya masa mai arha na ci canji. Ni! Na sake matse kawunan waya da kuɗina, na kwance suwic na shagona na kai na ɗaura, duk bai canza zani ba. Sai da na zauna cikin dare na buɗe teburin MAC na suwic ɗin na ga lambar tana tsalle tsakanin ƙofa biyu, na ɗaga murfin injin na haska da tocin waya, ga cip ɗin bayos nan ƙafafunsa takwas duk dalma sabuwa tana ƙyalli, ga maiƙon fulos, man da ake shafawa wajen dalma, ya bushe a gefe, ko gogewa yaron bai yi ba. Da na nuna wa Alhaji cewa ya yi ai haka ya sayo shi. Mai gadinsa ne ya gaya min gaskiya daga baya. Na gyara, aiki ya tafi, cikon kuɗina kuwa ya ce ya cire na asarar ranar gwaji, suwic ɗina ma da kyar na karɓo shi, kuma ya bi gari yana cewa ban iya netwok ba, aiki guda na wata makaranta a Gombe ta haka ya kuɓuce min. Allah ya isa, ban yafe ba.

To saboda haka, kafin ka taɓa sukuru ɗaya a injin mutum ka ɗauki hoton sitikar da ke jikin akwatin, ka ɗauki na abin da dmidecode ya nuna, ka tura wa mai kayan a WhatsApp ya zama shaida. Wanda lambar bayos ɗinsa ta dace da sitikarsa shi ne mai lambar, ɗayan shi za ka gyara. Kuma lambar da ke kan sitikarsa za ka mayar masa, kar ka ƙirƙiro taka don ta yi maka daɗi, garanti da lasisin manhaja duk a kanta suke rataye. In Dell ne siriyal ɗin shi ne sabis tag ɗin nan mai harafi 7, bod sabo yana zuwa da gurbin babu komai, sau ɗaya yake barinka ka rubuta, in ka kuskure harafi ka jawo wa kanka. In HP ProLiant ne F9 wajen tashi, ka sa siriyal da lambar samfur. In bayos na kamfanin AMI ne akwai manhajar AMIDEEFI, /SS na siriyal, /SU AUTO ya haifo sabon UUID. Sannan ka buga ipmitool fru print, don BMC, ɗan cip ɗin da ake kula da saba daga nesa da shi, yana da nasa rubutun daban, kana iya gyara ɗaya ɗayan yana nan da tsohuwar. Kafin duk wannan ka kwafe cip ɗin ka adana, ka jona injin a UPS, NEPA ta ɗauke kana tsakiyar rubutu kai ma sai ka nemi yaron Wunti.

In mai kaya ya hana ka taɓa bayos, MAC dai kana iya canza shi daga cikin Linux, ka tabbata harafi na biyu 2 ne ko 6 ko A ko E don kar ka hau kan na wani kamfani, amma faci ne, ranar da aka sake instolin tsohon MAC ɗin zai dawo. Wani abu kuma, in manhaja biyu suka ba ka UUID na inji ɗaya ka ga rukuni ukun farko a juye, kar ka ruɗe, tsarin jera su ne da sai a SMBIOS 2.6 aka daidaita, lambar ɗaya ce.

Af, in ma kulonin hadis ka yi, wato ka kwafe shi kaf daga wannan zuwa wancan, kamar yadda na san halinka na son sauƙi, duba fayil ɗin /etc/machine-id, inda Linux ke ajiye tasa lambar injin, tukuna, wataƙila bayos ɗin ba ruwansa. Turo min hotunan sitika biyun da abin da dmidecode ya fitar kafin la'asar, kuma ka tambayi mai ofishin a gaban mutane ko wani ya taɓa buɗe injinan.