Tambaya da Amsa: Jirgin 1942 ya hana wani magidanci sakat

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni magidanci ne a Jekadafari nan cikin Gombe, shekaruna sun ɗan haura arba'in. Kwanaki na shiga kasuwa sayen fitila mai caji kawai sai na ci karo da irin gem ɗin nan na zamaninmu da ake jonawa da talabijin, mai kaset rawaya da ake rubuta wasa dubu kaza a jiki alhali abu ɗaya ne ake ta maimaitawa, wallahi ban san sanda na biya kuɗin ba. A ciki akwai na jirgin yaƙin nan 1942, wanda teku ke ta gangarowa ƙasa kai kuma kana ta harbi sama. Toh matsalata ita ce ba na wani nisa rayukana sun ƙare, ga babban ɗana a gefe yana ta min dariya wai Baba wannan ai gem ɗin tsofaffi ne, shi Free Fire yake bugawa a waya. Dan Allah akwai dabara ne ko hannun ne ya tsufa? Sannan wai gem ɗin nan yana da ƙarshe kuwa? Don muna yara cewa ake yi ba ya ƙarewa.

AMSA: Wa'alaikumus salam Alhaji. Yana da ƙarshe mana. Mataki 32 ne, kuma ƙirgen nasa baya-baya yake tafiya, daga 32 kake saukowa, ka taso daga Midway a tekun Fasifik har ka dangana da Tokyo. Abin da ya sa yaran unguwa suka ɗauka ba ya ƙarewa, kafin mutum ya yi rabi ko dai an ɗauke wuta ko adafta ta yi zafi ko Hajiya ta ce a kashe mata talabijin kar a lalata mata shi. Kamfanin Capcom na Japan ne ya fitar da shi a 1984, kuma abin mamakin shi ne Japanawa ne suka yi gem ɗin da kake tuƙa jirgin Amurka ƙirar P-38 kana kakkaɓo jiragen Japan, don a shekarar 1942 ɗin ce aka gwabza yaƙin Midway na gaske.

Batun hannu kuma, hannunka lafiyarsa ƙalau, idonka ne ke kallon inda bai kamata ba. Kusan duk wanda ke mutuwa da wuri a irin gem ɗin nan abu ɗaya yake yi, yana ɗaga ido sama yana bin jiragen abokan gaba yana so sai ya harbo kowanne, shi kuma harsashin da zai kashe shi yana nan yana tahowa a hankali ta gefe bai gani ba. Ka dawo da idonka kan jirginka da ɗan filin da ke gabansa. Harbi ai ba sai ka saita ba, ka dinga danna maɓallin kawai, in fad ɗinka, wato abin dannawar da ke hannunka, na da maɓallin turbo mai harbi babu tsayawa ma ka danne shi ka huta, su jiragen da kansu za su shigo layin wutarka. Wanda ya wuce ya wuce, ƙyale shi, maki kaɗan ka rasa.

Sai kuma motsi. Kar ka dinga fizgar jirgin daga wannan bango zuwa wancan. Harsashinsu inda kake tsaye yake nufa a lokacin da aka harbo shi, saboda haka ɗan gusawa kaɗan ya isa ya wuce ta gefenka, kamar dai yadda mai tafiya a ƙasa ke kauce wa ɗan acaɓa, taku ɗaya ne ba gudu ba. In ka fizga da ƙarfi sai ka je ka faɗa kan wani harsashin, ko ka maƙale a lungu babu wajen gudu. Kuma kar ka manne a can ƙasan allo kana ganin nan ne mafaka, a 1942 akwai manyan jirage da ke ɓullowa ta bayanka daga ƙasa, da yawa a nan ake yi musu ba-zata. Ka ɗan hauro sama kaɗan ka bar fili a bayanka.

Akwai maɓalli na biyu da mutanenmu ke mantawa da shi, wanda jirgin ke yin adungure a sama. Muddin yana cikin juyin nan babu abin da ke taɓa shi, sai dai kai ma ba ka iya harbi. Ƙidayayye ne, guda uku ake ba ka, kuma in ka sauka kan jirgin ruwa a ƙarshen mataki da saura ana ba ka maki a kansu, wannan ne ke sa mutane rowarsa har su mutu da ukun nan cif ba su taɓa ko ɗaya ba. Haba Alhaji, rai ai ya fi maki. Da ka ga an rufe ka ta ko'ina, danna.

Jajayen jiragen nan kuwa da ke zuwa a jere suna lanƙwasa, su ne kaɗai suka cancanci ka bi su, in ka kakkaɓe su duka ba saura sai POW, wato alamar ƙarin ƙarfi, ya faɗo, wani ya ƙara maka bakin bindiga, wani ya ba ka ƙananan jirage biyu a gefe da gefe suna taya ka harbi. Amma shi ma in ya faɗo tsakiyar wuta bar shi ya tafi.

Abin da ni nake so da waɗannan tsofaffin gem ɗin, hadda ce. Jiragen kusan a tsari ɗaya suke fitowa kullum, wurin da ya kashe ka jiya shi ne yau za ka tarar kana jiransa tun kafin ya zo, toh wannan daɗin na ka ga ka ratsa ta tsakanin harsasai ba ko ƙwarzane a wurin da da ba ka iya minti ɗaya, ba data ba sayen kaya da kuɗi ba jiran netwok, ni dai ban ga abin raini a ciki ba. Shi kuma yaron naka miƙa masa fad ɗin ka ce bismillah, ka zauna ka ga ko zai kai inda kake kaiwa.

TAMBAYA: Malam ni ɗaliba ce a Bauchi, wajen Yelwa. Yayana ya ce Space Impact na Nokia 3310 shi ne asalin duk gem ɗin jirgi, gaskiya ne? Kuma wanne zan samu a waya?

AMSA: Ƙanwata, ki ce wa Yaya ya yi haƙuri. Nokia 3310 a 2000 ta fito, ita kuwa harkar tun Space Invaders na Taito a 1978 ake yin ta, sai dai shi allonsa tsaye yake ba ya tafiya, haka ma Galaga na 1981. Wanda ya kafa salon da ƙasa ke gangarowa kana harbin na sama kana jefa wa na ƙasa bam shi ne Xevious na Namco a farkon shekarun 1980, a 1982 kuma wata mace, Carol Shaw, ta tsara River Raid wanda har mai sai kin dinga sha a hanya in ba haka ba jirgin ya faɗi. Sannan shi Space Impact gefe yake tafiya, daga hagu zuwa dama, ba sama ba.

A waya ki nemi Sky Force, na wani kamfanin Poland ne, tun zamanin Nokia masu Symbian yake har aka sabunta shi a Android, kuma da yake a tsaye ake riƙe waya sai ya zauna daidai, don su ma injinan gidan gem na da masu irin wannan wasan ai talabijin ɗinsu a tsaye ake kafa shi. In akwai kwamfuta ko PS4 a gida, Capcom Arcade Stadium, wato tarin tsofaffin gem ɗin Capcom, na ba da 1943 kyauta, ƙanin 1942 ne, shi a 1987 ya fito. Ki dai ɗora yatsa ƙasa da jirgin kaɗan in kina bugawa a waya, don kar ya rufe miki harsashi.