Dalilin da ya sa sufayen Jain suke rufe baki

Malam, ka tambaya ko tsoron cuta ne ya sa sufayen addinin Jain na Indiya suke ɗaura ƙyalle a baki. A'a, ahimsa ce, wato alkawarin ba za su cutar da kowane mai rai ba, ko da ƙwaron da ido bai iya gani. Ƙyallen na hana su cutar da irin waɗannan ƙananan halittu ta baki ko numfashi. Wannan alkawari shi ne na farko cikin alkawura 5 da Mahavira, babban malamin addinin, ya koyar, sauran su ne gaskiya, barin sata, kamewa daga jima'i da barin mallakar dukiya.

Amma ba dukkansu ke rufewa ba. 'Yan ɗarikun Sthanakavasi da Terapanthi, masu fararen kaya, su ne ba sa rabuwa da ƙyallen. Sufaye maza na ɗarikar Digambara kuwa ko tufafi ba sa sawa, sai dai tsintsiyar gashin dawisu da suke share wuri kafin su zauna. Da damina ma wata 4 suke zama wuri guda, gudun taka ƙwari.